Gem ɗin hannu mai koyar da karatu, ya kawo ko ya bar shi can?

"Salamu alaikum Mushe. Ina da yaro ɗan shekara 9 yana CE2, kalkil na ba shi wahala ƙwarai, har yanzu tabul ɗin 7 da na 8 sai ya ƙirga da yatsu, ga kuma ƙanwarsa ƴar shekara 5. Ƙanena da ke Faransa zai zo bakans, ya ce ɗiyansa suna da gem na hannu irin mai koyar da karatu sun daina taɓawa, in ina so ya kawo. A kasuwa kuma na ga wani ƙarami an rubuta 400 in 1, mai butikin ya ce yana buɗe ƙwaƙwalwa. Babansu ya ce duk shashanci ne. Don Allah da gaske yana ƙara karatu ko ɓata yaro yake yi? Muna nan unguwar Zariya, Maradi."

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya su ya yi musu albarka. In na fahimce ki da kyau tambaya uku ce kinka ɗauro a ƙunshi guda, ko abin yana ƙara karatu da gaske, da wanne ya kamata a kawo tunda kala-kala ne, sannan maganar Alhaji babansu. To tun kafin in yi nisa, Alhaji bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi duka ba.

Ni na riƙe aji shekara 14, yawanci CE2 da CM1, yanzu kuma ina yi ma ƴan yaran unguwa kur da marece a zaure, kuma ina da DS Lite, wani gem na kamfanin Nintendo, guda 3 na hannu da na tattara a hankali, biyu daga Kano guda kuma kyauta anka ba ni. Don haka abin da zan faɗa miki rabi karatu ne na abin da masu bincike sunka gano, rabi kuma abin da na gani da idona bisa tabarma.

Daga ina abin ya taso

Gem na hannu ya girmi yaranmu nesa ba kusa ba. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Game Boy tun 1989, mai cin batir 4 irin na rediyo, kuma wasa ne zalla, ba wanda ya ce lakkol ce. Maganar karatu ta yi ƙarfi ne da anka fitar da Nintendo DS a 2004, saboda shi gilashi biyu gare shi, na ƙasa ana rubutu a kai da wani ɗan tsinken roba kamar alƙalami, ga kuma makirfo yana jin magana. Da zaran na'ura ta iya karanta rubutun hannu ai ta zama allo kenan. A 2005 sai ga kaset ɗin Dr Kawashima, wani likitan ƙwaƙwalwa ne Ryuta Kawashima na jami'ar Tohoku, kaset ɗin ya iso Turai a 2006, na Faransa sunansa Programme d'entraînement cérébral du Dr Kawashima. An sayar da wajen miliyan 19, ita kanta DS ɗin ta haura miliyan 150 a duniya, shi ya sa har yau take cike da durowar gidajen Turawa, kuma ina kyautata zaton ita ce ke hannun ƙanenki, ko ƙanwarta 3DS ta 2011.

Abin dariya shi ne wanga kaset ba don yara anka yi shi ba. Don manya ne masu tsoron mantuwa. Ana riƙe na'urar a kaikaice kamar littafi, ta jeho miki ƙananan lissafi 20 ko 100, tarawa da ɗebewa da ninkawa, kina rubuta amsa da hannu tana ƙirga sakan, a ƙarshe ta ce ƙwaƙwalwarki shekararta kaza, mafi kyau shi ne 20. Ni rana ta farko 61 ta ba ni, yaran sunka yi ta dariya har sati. Da kamfanoni sunka ga kuɗɗi sai kowa ya shigo, na kalmomi, na Ingilishi, na zane, na share fagen jarabawa, kuma a nan ne gari ya gauraya da tsakuwa.

Abin da anka gwada

An gwada abin a lakkol na gaske ba sau ɗaya ba. A Sikotlan a 2008 an ɗauki yara sama da 600 a makarantu 32, rabi suna yin Kawashima minti 20 kowace safiya kafin darasi na wajen wata biyu, rabi suna karatunsu yadda sunka saba. Da anka sake auna su duka sun ƙaru, amma ƴan gem sun fi ƙaruwa wajen saurin lissafin ka da daidai ɗinsa. Sai kuma a Faransa wani farfesa na jami'ar Rennes, Alain Lieury, ya gwada da yara ƴan shekara 10, shi kuma ya sa wani rukuni suna yin irin aikin da takarda da kiriyon, sai ya tarar ƴan DS ba su fi ƴan takarda ba. Mutane na ɗauka waɗannan biyun sun saɓa, ni ban ga saɓani ba. Yaron da ya yi lissafi minti 20 kullum zai yi sauri, ko bisa gilashi ya yi ko bisa ardwaz. Abin da gem ya fi takarda da shi guda ne, yaro da kansa yake roƙon a ba shi, alhali kaye sai an bi shi da tsawa.

Na ukun shi ne ya kashe bakin masu talla. A 2010 mujallar Nature ta buga binciken Adrian Owen da abokan aikinsa tare da BBC, manya 11,430 sun yi sati 6 suna wasannin wasa ƙwaƙwalwa a intanet. Sun gwanance a wasannin da sunka yi ta yi, amma gwanintar ba ta tsallaka zuwa sauran ayyukan tunani ba. A Amurka ma a 2016 sai da kamfanin Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda tallan da ya yi cewa wasanninsa na ƙara basira ba tare da hujja ba. Don haka kalmar nan ta mai butiki, yana buɗe ƙwaƙwalwa, ki bar mishi kayansa. Tsofaffin da ke dara ƙarƙashin bedi tun muna yara ba mai cin su a dara, amma darar ba ta koya ma kowa karanta wasiƙa ba.

Ga yadda nake bayyana ma iyaye. A makarantar allo malam ne ke biya ma yaro, sannan yaron ya koma gefe ya yi ta maimaitawa har ya zauna mishi kafin ya wanke. Gem ɗin nan wajen maimaitawa yake aiki, ba ya biyawa. In an biya ma yaro ya gane, to na'urar ba ta gajiya ba ta fushi ba ta duka, za ta tambaye shi 7 sau 8 har sau ɗari. In kuwa ba a biya mishi ba, abin da zai koya shi ne canka, ya rubuta 54 ta ƙi, ya rubuta 56 ta karɓa, gobe ya manta.

Don haka kafin ƙanenki ya hau jirgi ki yi ma yaron wanga ɗan gwaji a gida, ba ya cin minti biyar. Ki ce mishi 6 sau 8 ya ba da 48, to 7 sau 8 nawa ne. In ya ɗan yi shiru ya ƙara 8 bisa 48 ya ce 56, ko da yatsu ya ƙara, yaronki ya gane ninkawa, sauri kawai ya rage, kuma shi ne ainihin wanda gem ke yi ma amfani. In kuwa ya koma tun daga 1 yana ƙirgawa ko ya tsaya yana kallonki, to a ajiye maganar na'ura tukuna, a samo murafun kwalba ko ƙwallayen dabino a kasa mishi kashi 7 kowane kashi 8 kamar mai tumatir a kasuwa, ya gani da ido ya taɓa da hannu. Yawancin yaran da ake kawo mini da sunan ba su iya tabul ba, ba tabul ɗin ne ciwonsu ba, an sa su rera shi kamar waƙa tun CE1 ba a nuna musu mi ake rerawa ba. Kuma yatsu ba abin kunya ba ne, kar a doke shi a kansu, da kansu za su sauka.

Matsalar harshe, wadda ita ce babba a nan

Wagga ita ce mai talla ba zai gaya miki ba. Kaset ɗin an yi su ne don yaron Paris ko Tokyo wanda harshen da na'urar ke yi shi ne harshen da uwarsa ke yi mishi faɗa da shi. Ni ban taɓa riƙe kaset ɗin DS da ke Hausa ba. Yaronmu na CE2 sau da yawa yana iya haɗa baƙaƙe ya furta Faransanci tiryan-tiryan amma ki tambaye shi mi ya karanta ya yi zuru, to in gem ya fito mishi da bayani layi huɗu danna maɓalli zai yi ya wuce, kuma yara sun iya wanga fiye da kowa, cikin kwana biyu sun gano inda ake dannawa a tsallake karatun a kai ga wasan. Shi ya sa na lissafi ya fi kama mu, lamba ba ta da yare.

Sauran sai in jera miki su yadda na gan su. Na Professor Kageyama, wani tsohon malamin firamare ne Bajapane, shi ne na fi so ma yaro kamar naki, dabararsa gida ɗari ce, lambobi 10 a sama 10 a gefe, yaro ya cika kowane gida ana auna lokaci. Na so dabarar har na kwashe ta na mayar bisa ardwaz, ranar da ba caji da alli muke yi da agogon salula, kuma wallahi tana ci. Akwai Cérébrale Académie, ya fi Kawashima launi da wasa, ƙanana sun fi son shi, amma karatun ciki bai kai ba. Akwai su Adi da Lapin Malin da anka tsara bisa ajin Faransa, kin san sunayen ajinmu irin nasu ne CE1, CE2, CM1, sai dai CE2 ɗin can ba namu ba ne ta wajen Faransanci, in zai kawo ya kawo na aji ɗaya ƙasa, kar ki ji kunyar haka. Professeur Layton kacici-kacici ne masu daɗi ƙwarai amma rubutu ya yi yawa, sai ɗan CM2 mai ƙarfi ko ɗan kwaleji. Wanda ya ba ni mamaki shi ne Scribblenauts na 2009, ba a ma sayar da shi da sunan karatu ba, yaro ke rubuta sunan abu abin ya bayyana a wasan, yana son hawa bisa itace sai ya rubuta tsani da Faransanci, in bai san kalmar ba ko ya ɓata rubutun ya tsaya nan. Na ga yaron da ya tsani dikte yana bin yayarsa da kuka ta faɗa mishi yadda ake rubuta jirgin sama.

Kar in yi ma na'ura rashin adalci, tana iya koyar da karatu daga tushe in da harshen yaro take magana. An yi wata gasa ta XPRIZE da ta ƙare a 2019, an raba ma yaran ƙauyukan Tanzaniya tablet masu magana da Swahili na wata 15, kuma yara da dama da ba su san harafi ba sun fara karatu. Amma wancan da harshensu ne kuma don haka anka gina shi tun farko, ba shi ne ke cikin durowar ƙanenki ba.

Yadda nake yi a zaure

Yara 9 zuwa 12 ke zuwa mini, na'ura 3, don haka dole a yi layi, kuma na gano layin nan alheri ne. Ba mai taɓawa sai ya gama aikin kaye na duba. Kowa minti 15, biyu-biyu, ɗaya na rubutu ɗaya na kallo yana jiran ya ga kuskure, kuma mai kallon sau da yawa ya fi mai riƙon koyo don shi ba ya cikin firgicin agogo. Ranar Alhamis muke gasa, Kawashima na da wata dabara da kaset guda ke aika lissafi 30 zuwa sauran na'urorin da ke kusa ba waya ba intanet, sai su yi tsere, ihun da ake yi har maƙwabciya ta taɓa leƙowa ta ɗauka faɗa ne.

Abin da na lura, sati biyun farko zumuɗi, sati na uku zuwa na shida nan ake samun ƙaruwar gaske, lokacin yaro na sauka kullum yana gani da idonsa, bayan wata biyu kuma sai ya tsaya cak, gem ɗin ya gundure shi, ya fara tambaya ko babu na mota. Nan nake ajiye su in ɓoye wata guda. Wata yarinya ƴar CM1 da ba ta ɗaga hannu a aji ko kaɗan ita ce ta fi ba ni sha'awa, ashe tsoron dariya ne ke hana ta, da ta samu abin da za ta yi kuskure gabansa ba wanda ya ji sai ta sake, amma ita ɗin ma ranar da na ba ta lissafin labari, mace ta sayi mudu 7 na gero kowane mudu kaza ta ba da jika biyar nawa ne canjinta, sai ta tsaya, don ba ta san ko tarawa za ta yi ko ninkawa ba. Saurin ya ƙaru, fahimtar tambaya tana inda take. Wannan sai zama da mutum.

In faɗi gaskiya, yara goma sha a zaure ba bincike ba ne, kuma waɗanda iyayensu ke biyan kur dama gidansu an damu da karatu, don haka ba zan rantse cewa duk ƙaruwar daga na'urar take ba. Tana kuma da nata haushin, wani lokaci yaro ya rubuta 4 ta karanta 9, ko 1 ta ce 7, ya yi daidai ta ce ya faɗi, in mai saurin zuciya ne har hawaye. Wajen da ake faɗin launi da baki kuwa mun daina shi gaba ɗaya, makirfon ba ya jin Faransancin Maradi.

Wacce na'ura

Ta kasuwa mai 400 in 1 ki manta da ita in karatu kike nema. Tsofaffin wasannin shekarun 1980 ne anka kwafa anka cusa, tsalle da harbi da tseren mota, wasu ma wasa guda ne anka maimaita da suna daban don lambar ta cika, ba a sa mata kaset, ba a rubutu a kanta. Ta wasa ce, in don wasa za a saya to a kira ta da sunanta.

In DS Lite ce ta 2006 ke wajen ƙanenki, ki ce ya kawo. Batir ɗinta in yana da lafiya yana wuce awa 10 in an rage hasken, wanda a garin da kuran ke tafiya lokacin zafi ba ƙaramin abu ba ne, kuma tana cin kaset ɗin DS na kowace ƙasa. In 2DS ce ta 2013 ta ma fi, don ba ta naɗewa, ita DS Lite wajen mahaɗin nan na tsakiya take fara karyewa, duka nawa ukun guda ce kawai ba ta tsage ba. 2DS da 3DS suna cin kaset ɗin DS, suna da lambar sirri ta iyaye, kuma akwai wani ɗan littafi a ciki da ke rubuta wane wasa anka yi da minti nawa, yaro ba ya iya yi miki ƙarya. Sai dai su nasu kaset ɗin na 3DS a ɗaure suke da yanki, na Amurka ba ya tashi a na'urar Turai, ki tuna da haka in wata rana za a sayo ƙari daga Kano. Kantin intanet ɗinsu an rufe shi tun Maris 2023, na DS kuwa intanet ɗinsa ya mutu tun 2014, kuma ni a wajena wannan ba aibi ba ne, shi ne ma dalilin da ya sa na fi son su da salula. Ba talla, ba TikTok, ba baƙon da zai turo ma yaro saƙo, abin da kinka sa a ramin shi ke nan.

Akwai kuma na kamfanin VTech da LeapFrog, su Storio da MobiGo da Leapster, waɗannan don ƙanana anka yi su, suna magana suna waƙa, amma wasunsu batir irin na rediyo suke ci kamar fara, kuma in kaset ya ɓace ba inda za ki samu wani a nan. Nintendo Switch ta 2017 tana da kyau, akwai Kawashima sabo a kanta da wani na koyon ƙera gem, amma kuɗɗinta da na kaset ɗinta sun biya ma yaro mai kur na tsawon lokaci da littattafai, kuma yawancin abin da ke kanta wasa ne. Da a ce saye za ki yi da kuɗɗinki da na ce kar ki sayi ko ɗaya, ki sa GCompris, wasannin karatu na yara, a tsohuwar salula da anka cire ma sim, kyauta ne, wani Bafaranshe ya fara shi tun 2000, yana da Faransanci, ba ya buƙatar intanet bayan an sauke. Tunda kyauta ce za ta zo, a karɓa.

Wani abu da ya taɓa cin ni, caja. Wadda ta zo daga Faransa ba matsala, wutarsu irin tamu ce. Amma cajar DS ta Amurka ta wuta 120 ce, tamu 220, na taɓa sayen guda a hannun wani mai kayan gwanjo na soka, ƙauri kawai na ji. Kuma bakin cajar DS Lite daban yake da na ƙannenta DSi da 3DS, ba sa shiga juna. Mafita ita ce igiyar USB ta irin na'urar, ki soka a kan cajar salula ko fawa bank ko sola. Sai ƙura, lokacin buji tana shiga maɓallan kafaɗa su daina dannuwa, ki samo mata gwangwani mai murfi ko leda mai zif. Kar a bar ta a rana ko cikin mota watan Afrilu, kuma in kin ga murfin baya ya kumbura batir ne ya lalace, a daina caji a kai ma mai gyaran salula ya cire.

Ƙanwar, da lokaci, da Alhaji

Ƴar shekara 5 ni ban ba da shawarar a ba ta a hannunta ba. Wani likita Bafaranshe, Serge Tisseron, yana da ƙa'idar da ake kira 3-6-9-12, a cikinta ya ce kar yaro ya mallaki gem nasa kafin shekara 6, Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ce ƴan shekara 2 zuwa 4 kar su wuce awa guda a rana gaban gilashi, ƙasa da haka ya fi. Nintendo da kansu sun ce a kashe hoton 3D na 3DS ma yaro ɗan 6 zuwa ƙasa. Ita a shekarunta gatana da carafke da zane a ƙasa da ƙirga ƙwai in an aike ta sun fi mata komi. Na san za ta yi kuka in ta ga yayanta riƙe da shi, to ta zauna gefensa ta kalla, ko a yi lokacin tana barci.

Shi kuma yaron minti 15 zuwa 20 a rana, bayan ya dawo daga islamiyya ya yi aikin gida, a tsakar gida inda kike gani, ba cikin ɗaki ba, ba bayan isha'i ba don yana kore barci. Na'urar taki ce, aro yake yi, a ɗakinki take kwana. Wannan tun ranar farko ake kafa shi, in kinka bari ƙanenki ya miƙa mishi a hannu ya ce ga tsarabarka, kin sha wuya, don haka ki gaya mishi tun a waya ke zai ba. Ya duba kwalayen kuma, na Turai suna da lamba a kusurwa 3, 7, 12, 16, 18, ita ce shekarun da ya dace. Sannan in ya ce akwai wani kaset guda mai ɗauke da wasa ɗari ya bar shi can, ban da kasancewarsa kwafen sata, ba yaron da zai zaɓi tabul ɗin 8 alhali ga ƙwallo a gefe. Tsoron Alhaji a nan yake da gaskiya, na ga yaran da gem ya cinye, ba barci ba salla kan lokaci sai ƙarya da ɗaukar canjin cefane a kai gidan gem, kuma kusan duka ba wanda ya sa musu iyaka tun farko. In kin ga yana matse ido ko yana manna fuska da gilashin ko yana kukan ciwon kai, wannan ba aikin mushe ba ne, a kai shi wajen likitan ido, wata ƙila ma shi ne ke hana shi ganin tabulo a aji.

Abin da za ki faɗa ma ƙanenki kenan, ya kawo na'urar da cajarta da igiyar USB, da tsinken rubutu biyu ko uku don ɓacewa suke kamar allura, da Kageyama ko Kawashima, da Scribblenauts in akwai, ya duba jikin kaset ɗin ya ga an rubuta FRA ko EUR, sauran ya bar ma ɗiyansa. Ya kuma goge sunayensu daga cikin Kawashima kafin ya taho, guri 4 ne kawai a ciki, guda na yaron, guda naki, guda a ajiye ma ƙanwar zuwa baɗi, na huɗun ki rubuta sunan Alhaji ki miƙa mishi bayan ya ci tuwo ki ce wai na'urar tana faɗin shekarun ƙwaƙwalwar mutum.